Bayan Yaye: Riƙon 'Ya'ya, Alƙali da Lauya a Arewacin Zazzau

Wata ranar Talata cikin kakar 2021, masinjan kotu ya yi sallama a ƙofar gidanmu da ke Paki, ya miƙa takardar sammaci. Sunan mahaifiyarmu ne a jiki. Tsohon mijin yayata, wani ɗan kasuwar rake a Makarfi, shi ne ya kai ƙara yana neman a ba shi ɗansa. Aurensu ya mutu tun 2019, yaron yana goye. Da aka yaye shi uban ya aiko a kai masa, dattawa suka roƙe shi ya bari ya ƙara ƙwari. Ana nan Yaya ta sake aure, ta tare a Ikara, ta bar yaron a ɗakin Inna inda ya saba kwana. Mako uku da tarewarta sammaci ya iso, tare da labarin cewa mai ƙara ya ɗauko lauya daga Zariya.

A lokacin ina aji uku a Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, na zo gida hutu. Na karanta wa Inna takardar, ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can ta nisa ta ce, "Haka aka yi mini." A 1968 aka yaye ta, a makon kuma aka ɗauke ta daga hannun mahaifiyarta, wadda aka saka, aka kai ta gidan ubanta. Ba ta sake sa uwarta a ido ba sai tana da shekara 11, a wani gidan biki, inda aka nuna mata wata mata aka ce ga wadda ta haife ki, ita kuwa ta ɓuya a bayan kishiyar uwar. Da ta gama ba ni wannan labari sai ta tambaye ni, "To, mu ma sai mun ɗauki lauya? In sayar da tumakin nan?"

Ban san amsa ba a ranar. Neman ta ne ya kai ni zauren wani malami a unguwarmu, ya kai ni wurin abokaina masu karatun shari'a a Kongo, ya kuma mayar da ni baya cikin tarihin kotunan ƙasar Zazzau.

Abin da littafi ya ce

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne tsufan hukuncin. Malaman fiƙihu suna kiran riƙon yaro da hadana, ko halana a lafazin malamanmu na zaure. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya kawo labarin Sayyadina Umar, wanda ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya, uwar ɗansa Asim. Wata rana ya tarar da yaron yana wasa a Ƙuba, ya ɗora shi a kan dabbarsa zai tafi da shi, kakar yaron ta wajen uwa ta cim masa ta ja. Suka je gaban Halifa Abubakar, ya umarci Umar ya bar mata yaron, Umar kuma bai yi musu ba.

A kan irin wannan tushe mazhabar Malikiyya ta gina hukuncinta. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta bar wa uwa riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuwa har ta yi aure ta tare. Muhtasar na Shaihu Halil ya jera masu haƙƙi bi da bi: uwa, sai mahaifiyarta, sai kakarta, sai 'yar'uwar uwa, sai innar uwar, kafin a tsallaka wajen kaka ta ɓangaren uba, sannan a iso ga uban kansa. Ciyarwa, tufatarwa da kula da karatu suna wuyan uba duk inda yaron yake kwana.

Littattafan sun kuma fayyace abin da ke sa riƙo ya sauya hannu. Idan uwa ta auri wanda ba muharramin yaron ba, aka kuma tare, haƙƙinta ya faɗi, ya koma ga mai bi mata a jeri. Haka idan mai riƙo ta rasa hankali, ko amana, ko lafiyar ɗawainiya, ko ta kamu da cutar da ake tsoron yaro ya ɗauka. Idan uzuri ne kamar ciwo ya raba ta da yaron, riƙo yakan dawo mata in ta warke. Idan kuwa da kanta ta sarayar, ko aure ne ya faɗar da shi, a mashhurin mazhaba ba ya dawowa ko da auren ya mutu. Wanda haƙƙi ya koma gare shi, in ya sani ya yi shiru har shekara guda ba tare da uzuri ba, ya rasa damarsa. Uba kuma, in zai ƙaura ƙaurar zama zuwa gari mai nisan baridi shida ko fiye, wato sama da kilomita 100, yana iya tafiya da ɗansa, sai fa in mai riƙo za ta bi shi.

Waɗannan littattafai ba baƙi ba ne a ƙasarmu. Da su, da Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim mutumin Andalus, alƙalai suke hukunci tun kafin jihadi, suka kuma ƙara ƙarfi bayan Malam Musa ya karɓi mulkin Zazzau wajajen 1808. Ke nan a ranar da aka ɗauke Inna daga goyon uwarta, hukuncin da ya hana haka yana rubuce cikin gafakar kowane alƙali da ke tsakanin Zariya da Kano.

Abin da al'ada ta yi

Me ya hana kakata amfana da shi? Al'adar Bahaushe ta ɗauki ɗa a matsayin na uba da danginsa. Uwa tana da shi muddin yana shan nono, kimanin shekara biyu, daga nan sai a ce a mayar wa masu shi. Al'adar tana da dalilanta. A zamanin gandu kowane yaro hannu ne a gona, gida ba ya son hannunsa ya tafi noman wani. Bazawara ba ta cika daɗewa ba bayan idda, kuma kowa ya san irin kallon da ake yi wa agola. Uban da zai ciyar ya fi son yaro ya ci daga tukunyar gidansa, da a ce ya riƙa auna hatsi yana aikawa gidan tsofaffin surukai.

Muna da shaida daga bakin macen da ta rayu a wancan zamani, a kusa da mu. Baba ta Karo, wadda aka haifa wajajen 1877, ta zauna a Karo da Zarewa a bakin iyakar Kano da Zazzau, daga baya a Giwa, inda ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Baba ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi ta aurar da su. Mai karanta labarinta zai ga al'ummar da mutuwar aure ba abin mamaki ba ce a cikinta, mata suna zuwa gaban alƙali a raba su da maza, yara kuma suna yawo tsakanin gidajen gwaggo da kaka bisa shawarar manya. Mace ta san hanyar kotu in tana neman kanta. Ta kai uban 'ya'yanta ƙara domin ta riƙe su kuwa, wannan abin kunya ne da iyayenta ma ba za su goya mata baya ba. Alƙali kuma ba ya hukunci a kan abin da ba a kawo gabansa ba. Haka kaza ta kwana a kan dami shekara da shekaru.

Ƙofar da aka rufe wa lauya

Turawa sun shiga Zariya a 1902. Lugga bai rushe kotunan alƙalai ba, ya ɗaure su da dokoki, musamman dokar kotunan gargajiya ta 1906, ya sa su ƙarƙashin En'e da idon Razdan da Di'o. Alƙalin gunduma yana yanke ƙananan shari'u, a ɗaukaka zuwa Alƙalin Zazzau, a sama kuma akwai majalisar Sarki. Domin horar da sababbin alƙalai aka buɗe makarantar shari'a a Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947.

A duk tsawon wannan zamani doka ta hana lauya tsayawa a kotun alƙali. Turawa sun kafa hujja da kare talaka daga tsadar shari'a, amma akwai kuma tsoron kada lauyoyin Ikko su shigo su raunana ikon sarakunan da mulkin ya dogara a kansu. Ko da an buɗe ƙofar ma, babu masu shiga, domin sai a 1955 Jihar Arewa ta sami lauyanta na farko, Abdulganiyu Abdulrazaƙ na Ilori. Abin da mutane suka sani shi ne wakili, wanda fiƙihu ya halatta tun asali. Matar kulle takan tura ubanta, ko wanta, ko kawunta ya yi magana da yawunta. A nan ma akwai cikas. Wakilin namiji ne da ya tashi cikin al'adar nan, ya yarda a zuciyarsa cewa ɗa na uba ne, shi ma gobe yana iya sakin mace ya buƙaci a kawo masa nasa.

Gab da samun mulkin kai aka yi gyare-gyare. An kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Musulmi a 1956, aka maye gurbinta da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a 1960, aka keɓe mata sha'anin aure, saki, gado da riƙon yara. A 1968, shekarar da aka yaye Inna, gwamnatin soja ta karɓe kotuna daga hannun En'e, ta soke kotunan sarakuna, ta mayar da na alƙalai kotunan yanki ƙarƙashin gwamnatin jiha. Hanin da aka yi wa lauya bai tafi tare da En'e ba. Tsarin mulkin 1979 ne ya girgiza shi da tanadinsa na yi wa kowa adalci wajen sauraron ƙara, sannan a 1985 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya da ke Kaduna, a shari'ar Karimatu Yakubu da Yakubu Paiko wadda ta taso daga Jihar Neja, ta tabbatar da cewa lauya yana da damar tsayawa a gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Kafin nan Kongo ta fara yaye lauyoyin da suka haɗa dokar Ingila da fiƙihun Malikiyya, a harabar da aka kafa Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci a 1966.

Sauyi na baya-bayan nan ya zo a hannun ɗan yankinmu. Bayan rikicin Kaduna na 2000, gwamnatin Ahmed Muhammad Makarfi ta rushe kotunan yanki a 2001, ta kafa kotunan shari'a ga Musulmi da kotunan gargajiya ga waɗanda ba Musulmi ba. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya bar riƙon yaro Musulmi cikin abin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke dubawa. A 2018 kuma Jihar Kaduna ta yi dokar kare yara, wadda ta samo asali daga dokar tarayya ta 2003, ta sa maslahar yaro a gaban komai. Cikin shekara 53 da ke tsakanin yayen Inna da sammacinta, sunan kotu ya sauya, mai naɗa alƙali ya sauya, wanda ke da izinin magana a gabansa ya sauya. Babin hadana kuwa yana nan yadda Shaihu Halil ya bar shi.

Ranar shari'a

Inna ba ta sayar da tumakinta ba. Muka tafi da ita, da Kawu, da mai unguwarmu, da wani maƙwabci. A harabar kotu mai ƙara ya hango ta, ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, ina kwana?" Ta amsa fuskarta a kauce, kamar yadda aka saba tsakanin surukai. Na ji nauyin abin a raina, domin mutumin nan ba azzalumi ba ne. Ɗansa yake so, kuma tun yana yaro abin da ya ji ke nan, cewa nasa ne.

Lauyansa ya tashi ya ce uwar yaro ta yi aure ta tare, saboda haka haƙƙinta ya faɗi. Gaskiya ya faɗa, sai dai bai ƙarasa ta ba. Alƙali ya juya ga Inna ya tambaye ta abin da za ta ce. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ni na haifi uwarsa. A ɗakina yake kwana tun yana goye. An ce mini bayan uwa sai uwar uwa, shi ne na zo in ji daga bakinka." Alƙali ya yi mata tambayoyi uku: ko 'yarta tana zaune tare da ita, ko tana da lafiyar ɗawainiyar yaro, ko gidan yana da tsaro. Daga baya na gane hikimar ta farko, domin Muhtasar ya sharɗanta cewa kaka ta zama ba gida ɗaya take da uwar da haƙƙinta ya faɗi ba. Shaidu suka tabbatar Yaya tana Ikara, yaron kuma yana zuwa Islamiyya.

A zama na uku alƙali ya yi i'izari, wato ya tambayi kowane ɓangare ko yana da sauran hujja, sannan ya yanke hukunci. Riƙo ya tabbata a hannun Inna har yaron ya balaga, muddin sharuɗɗa ba su sauya ba. Uba zai riƙa ba da naira 15,000 duk wata ban da kuɗin makaranta da na magani, yana da ikon zuwa ganin ɗansa, shi ne kuma mai zaɓar inda zai yi karatu.

Murnarmu ba ta yi mako biyu ba sai ga takardar ɗaukaka ƙara, da Turanci, cike da lambobin sassan doka. A nan ilimin zaure da karambanin ɗalibin tarihi suka ƙare. Wata lauya a Zariya, daga cikin masu taimakon mata kyauta, ta sa muka karɓo kwafin shari'a ta karanta shi layi-layi. Ita ce ta nuna mana cewa kotun sama ba ta sake jin labari daga farko, abin da aka rubuta take dubawa, kuma kuskure kamar tsallake i'izari yana iya rushe hukuncin da ke daidai. Ita ce kuma ta ja hankalinmu ga abin da ya fi ƙarar haɗari: mai ƙara yana tunanin komawa Legas da kasuwancinsa, kuma in ya ƙaura, littafin da ya ba Inna yaron yana iya karɓe shi. Ta ce shari'a mace ce da ciki, ta ba da shawarar sulhu. Dattawan Makarfi da na Paki suka zauna, aka amince yaron zai riƙa yin babbar salla da dogon hutu a gidan ubansa, in kuma maganar ƙaura ta taso za a sake zama kafin a ɗaga ƙafa. Lauyoyin biyu suka rubuta, aka sa hannu, aka janye ƙara.

Amsar tambayar Inna

Yanzu ina iya amsa mata. Babu dokar da ta wajabta ɗaukar lauya a kotun shari'a. Ana magana da Hausa, alƙali yana yin tambaya da kansa, hukuncin kuma a bayyane yake. Mace ko kakar da ta san matsayinta a jeri, ta zo da shaidu, ta kuma zo da wuri kafin shirunta ya zama hujja a kanta, tana iya tsayawa da ƙafarta. Abin da ya fi cutar da mata a wannan mataki shi ne abin da suke yi kafin a je kotu: miƙa yaro ranar yaye don gudun surutu, ko sarayar da riƙo a cikin hul'i don ɗokin kuɓuta, ba tare da sanin cewa abin da aka saki da hannu yana da wuyar dawowa ba.

Akwai kuma inda rashin lauya ganganci ne: in an ɗaukaka ƙara, domin tana da wa'adi da ƙa'idojin rubutu, in ana zargin mai riƙo da rashin amana ko cutar da yaro, in an tsallaka da yaron wata jiha, in uba ya ƙi biyan abin da aka yanka masa, da kuma lokacin rubuta sulhu, don kada gobe kowa ya tuna shi yadda ya ga dama. Maƙwabtanmu Kiristoci na Ikara da Makarfi da suka yi auren rajista, nasu lamarin Babbar Kotu yake zuwa, ƙarƙashin dokar aure ta 1970, inda komai takarda ne da Turanci, da wuya mutum ya yi shi shi kaɗai. Wanda ba shi da hali yana iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa a 1976, ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, ko da yake ofisoshinsu suna birni, kuɗin mota daga Paki ko Hunƙuyi kuma ba ƙaramin abu ba ne ga bazawarar da ke sayar da ƙuli-ƙuli.

Saboda haka nake ganin maganin yana kusa da gida. Babin hadana bai wuce 'yan layuka ba a Risala. Da limamai za su karanta shi a huɗuba, malaman Islamiyyar matan aure su koyar da shi kamar yadda suke koyar da idda, masu unguwanni su san shi kafin su zauna raba gardama, da yawancin irin wannan ƙara ba ta kai ga sammaci ba. Uba ma zai amfana, domin zai san cewa barin yaro a hannun uwa ko kaka bai cire masa ko ɗaya daga haƙƙinsa na uba ba.

Yaron yana firamare yanzu. Duk babbar salla ubansa yakan zo da babur ya ɗauke shi, ya dawo da shi da sabuwar riga da guntayen rake a leda. Maganar Legas ba ta mutu ba, kuma duk lokacin da ta taso Inna takan kasa barci. A cikin adakarta, ƙarƙashin zannuwa, tana ajiye da kwafin hukuncin da takardar sulhu, ko da yake ba ta iya karanta boko ba. Ran nan na tarar ta fito da su tana shafawa, na tambaye ta abin da take nema. Ta ce tana tunanin mahaifiyarta ne, da a ce wani ya gaya mata.